Idan Ruwa Ya Hau Hanya a Ƙasar Zazzau

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa farkon Satumba, duk wanda fatauci ko noma ko zumunci yake kai shi ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ya san tambayar da ake fara yi a tasha kafin a zo maganar kuɗin mota: "Hanya tana biyuwa kuwa?" Manyan titunan da suka fita daga gari, wato na Kano da na Kaduna da na Funtuwa da wanda ya bi ta Soba ya nufi Pambeguwa, ba kasafai ake yi musu wannan tambayar ba. Ana yin ta ne saboda hanyoyin burji da suke rabuwa da kwalta su shiga cikin ƙananan hukumomin Giwa da Kudan da Soba da Maƙarfi da Igabi, inda masarar da muke ci da raken da muke sha da tumatirin da muke miya da shi suke fitowa. Ina bin irin waɗannan hanyoyi kowace damina, kuma abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, daga mai gina hanyar har zuwa direban da ke tsaye a bakin rafi, duk wanda ya ƙi ba ruwa hanyarsa sai ya biya, sau da yawa ma wanda bai ji ba bai gani ba ne yake biya a madadinsa.

Yana da kyau mu fara sanin yawan ruwan da muke magana a kansa. Ma'aunin ruwan sama na Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, yana nuna cewa yankin Zariya yana samun wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, watan Agusta ya fi kowane wata ɗaukar kaso mai tsoka. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Saboda haka idan aka yi ruwan milimita 50 da yamma guda, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan watan, kowace hekta ɗaya ta gona ta karɓi lita 500,000 ke nan. A farkon damina ƙasa tana shanye mafi yawansa, amma idan marka ta zauna ƙasa ta ƙoshi, ga shi kuma ƙasar yankinmu mai laushi ce da kan yi ɓawo a sama idan ruwa ya doke ta, sai ruwan ya kama gudu a bisa yana neman gangare. Kubanni da Saye da Kamaca da ɗimbin ƙananan ƙoramu marasa suna a taswira su ne suke kwashe shi, daga ƙarshe ya haɗu a kogin Galma, Galma kuma ta kai shi kogin Kaduna. Kowace hanyar ƙauye da ta ratsa wannan shimfiɗa dole ta gitta wa ruwan a wurare da dama, kuma a kowane wuri ko dai an tanadar masa mafita ko kuma ya nema wa kansa.

Mutumin birnin Zazzau da ya tashi a gidan ƙasa ba ya bukatar injiniya ya koya masa wannan darasi. Ya san cewa soro yana daɗewa ne idan rufinsa yana da ɗan gangare, indararonsa a buɗe yake, kuma an yi masa yaɓe kafin ruwan farko. Ranar da indararo ya toshe ruwa ya kwana a kai, daga ranar azara ta fara ruɓewa. Hanyar burji haka take. Ana so tsakiyarta ya fi gefenta tudu, a samu saukar wajen santimita 4 zuwa 6 a kowace mita daga tsakiya zuwa baki, domin ruwa ya sulale gefe nan take. A gefen kuma ana so a samu lambatu da zai karɓe shi, a riƙa yanka masa ƴan mafita lokaci-lokaci don ya watsu a daji kafin ya taru ya yi ƙarfi, sannan a duk inda hanya ta haɗu da kwari a sa kwalbati ko gada daidai girman ruwan da ke zuwa.

Lalacewar hanya takan faro ne daga abin da ba a ɗauka a bakin komai ba. Tifa ko akori-kura mai lodin taki ta bi hanya tana jiƙe, tayoyinta suka bar sawu biyu, ruwa na gaba ya sami wannan sawun ya bi shi a tsaye maimakon ya gangara gefe. Kafin damina ta ƙare sawun ya zama ɗan kwazazzabo. Idan aka yi sa'a aka kawo gireda da rani, sau da yawa sai a share hanyar a baje, a ture ƙasar gefe, ba tare da an maido mata da doronta ba. Shekara biyu ko uku ana haka, sai ka iske hanyar ta fi gonakin da ke gefenta zurfi, ta zama ita ce ƙoramar wurin. Akwai hanyoyin da na sani waɗanda idan kana cikin mota a watan Agusta gindin masara yana daidai da gilashinka. A irin wannan wuri ko an zuba marmara tifa ɗari, ruwa zai kwashe ta ya kai fadama.

A nan ya kamata a yi wa manomi adalci. Ana yawan zarginsa da cewa yana huɗa har cikin lambatu, yana kuma toshe mafitar ruwa da buhunan ƙasa, kuma gaskiya ne yana yi. To amma wanda aka tara ruwan kilomita guda aka sako masa ta baki ɗaya a tsakiyar gonar da zai ciyar da iyalinsa da ita, ba zai zuba ido ya ga ruwa yana kwashe masa taki da shuka ba. Da an yawaita mafitar, kowace gona ta karɓi ɗan abin da za ta iya shanyewa, kuma da an zauna da dagaci da masu gonakin kafin a fara aikin, da rigimar ba ta taso ba. Aikin hanya da ba a tambayi dattawan wuri inda ruwa ya saba bi ba, kuma ba a nemi a nuna iyakar da ya taɓa kaiwa a shekarar ruwa mai yawa ba, an bar ilimin da ba a sayensa da kuɗi.

Kwalbati kuwa yana cin rayuka, domin yana yaudarar ido. Wanda aka yi shi ƙarami, ruwa yakan fi ƙarfinsa ya taru a bayansa har ya hau kan hanya. Ƙaramin bututu kuma yana saurin cikewa da yashi da karan dawa da leda, kuma mutum ba zai iya shiga ya yashe shi ba, shi ya sa masana aikin hanya suka fi son bututun da faɗinsa ya kai santimita 90. Abin da ya fi wannan muni yana faruwa ne a ɓoye. Ruwan da ke fita daga bakin kwalbati da ƙarfi yana haƙa rami a ƙasansa idan ba a shimfiɗa duwatsu ko kankare a wurin ba, kuma wanda ya taru a baya yana ratsa ƙasar cikon da ke kewaye da bututun yana zare ta sannu a hankali. Sama tana nan kamar ƙalau, ƙasa kuwa ta zama kogo. Da ruwa ya rufe wurin, direban da ya bi nan jiya lafiya ba shi da hanyar sanin cewa rabin hanyar ya tafi cikin dare.

Hanyoyin Nijeriya an raba su gida uku: na gwamnatin tarayya, na jihohi, da na ƙananan hukumomi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsu yana wuyan ƙananan hukumomi ne, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002, manyan titunan tarayya take kula da su. Jihar Kaduna tana cikin wuraren da aka fara shirin RAMP na hanyoyin karkara tare da Bankin Duniya a 2008, kuma an yi hanyoyi da gadoji a ƙarƙashinsa. Sai dai gina hanya abu ne da ake taro a yanka ƙyalle a kansa, yashe lambatu kuwa ba wanda ke kiran maroƙa dominsa, alhali shi ne yake sa hanyar ta kai shekarun da aka yi mata alkawari. Kuɗin da za a biya leburori su share kwalbatoci kafin damina bai kai komai ba idan aka gwada shi da na sake gina gadar da ta karye.

Cikin gari ma ba mu tsira ba. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗebo ƙasar gini su ne suke riƙe ruwan unguwa idan an yi mamako, yanzu kuwa da yawansu an cike su da shara an kafa gida a kai. Kwatocin Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru suna cika da ledar ruwa da robar lemo, wasu ma da hadari ya haɗo sai su fito da bolar gida su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina sai bakin kwalbati na gaba.

To, a ce duk wannan ya riga ya faru, ruwa ya hau hanya, ga direba a bakinsa da fasinja cike da mota. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana wayar da kan mutane da alƙaluma uku da ya dace kowane direba ya haddace. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Idan ya kai santimita 30, ƙasa da gwiwa ke nan, yana iya ɗaga ƙaramar mota. Idan ya kai santimita 60 yana tafiya da mafi yawan motoci, har da jif da akori-kura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne, kuma ƙarfin turinsa yana ninkawa huɗu idan gudunsa ya ninka biyu. Mota kuwa akwati ce mai iska a ciki, da zarar ruwa ya kai cikinta sai ya fara rage nauyin da ke danne tayoyi a ƙasa, kuma tayar da ba ta riƙe ƙasa ba, ba birki ba sitiyari da zai amfane ta. Ruwan yankinmu ja ne saboda marmara da laka, ba a ganin ƙasansa ko da rana tsaka, balle da dare da fitilar mota ke haska samansa kawai.

Abin da ya fi damuna a wannan wuri shi ne halin fasinja. Na taɓa kasancewa a wata bas da muka iske rafi ya kawo ya shafe kwalbati a hanyar wata kasuwar ƙauye. Direban, dattijo ne mai furfura, ya kashe mota ya fito ya tsaya yana kallon ruwan. Nan take surutu ya tashi. Wani ya ce, "Haba Baba direba, ga wata can ta haye yanzu-yanzu." Wata mai ɗauke da kayan sayarwa ta ce, "Malam, kasuwa za ta watse fa, mu ba mu da wata ranar." Wani kuma ya kawo maganar da aka saba, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dattijon ya juyo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kayanki kika ɗauko, ni kuwa rayukanku na ɗauko." Ya kafa kara a bakin ruwan, muka zauna muna duba shi, har ruwan ya janye bakin kwalbatin ya fito, sai ga shi gefe guda ya zaftare. Direba matashi da bai kai shi nauyin baki ba, wanda kuma mai mota ke jiran balas a hannunsa da yamma, da wuya ya iya jure wannan matsin. Saboda haka nake ganin fasinjan da ya buɗe baki ya ce, "Direba ya yi gaskiya, mu jira," ya yi aikin ceton rai, domin sau da yawa murya ɗaya direban yake jira ta mara masa baya.

Cewa wata mota ta haye ba hujja ba ce. Motoci sun bambanta a tsayi da nauyi da inda injinsu yake shaƙar iska, ruwan kuma yana iya ƙaruwa cikin ƴan mintoci idan ana tafka shi a can sama ko da a nan rana ake yi, kuma wucewar ta farkon ma tana iya ƙarasa karya abin da ya rage na hanyar. Maganar tsautsayi kuwa, addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma an hane mu da jefa kanmu cikin halaka. Hausawa ma da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara ba don ba su san ƙaddara ba ne.

Ko rai ya tsira, aljihu ba ya tsira. Inji yana aiki ne ta hanyar matse iska da mai a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan bakin da inji ke shaƙar iska ya nutse, kuma a yawancin ƙananan motocin zamani yana nan ƙasa-ƙasa bayan bamba, ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa ya tsayar da fistin a tsakiyar tafiyarsa, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye, inji ya buga. Shi ya sa duk bakaniken da ya san aikinsa zai ce maka idan mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murza makulli. A turo ta ko a jawo ta waje, a cire fulogai a fitar da ruwan, a duba baƙin mai, idan ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya shiga sai an juye shi. Wayoyin wuta da ƙwaƙwalwar mota su kuma cutarsu takan ɓulla bayan makonni, lokacin da tsatsa ta gama cin mahaɗansu.

Akwai ruwan da ake iya ratsawa, wato kwantacce wanda ba ya gudu, wanda bai kai tsakiyar taya ba, kuma an ga ƙasansa ko an auna shi da sanda an tabbatar hanyar tana nan. A irinsa a bar mota ɗaya ta gama fita kafin wata ta shiga, a sa giya ta ɗaya, a tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba, a bi tsakiya inda ya fi tudu. Shiga da gudu yana tayar da igiyar ruwa ta hau bonet, ita ce kuma take kai shi cikin inji. Bayan an fita a riƙa ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe ya kama sosai.

Ɗan acaɓa ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ne ke kai mutane inda mota ba ta zuwa, kuma babur ba ya bukatar ruwa mai yawa kafin ƙafarsa ta zame. Na sha ganin samari majiya ƙarfi a mashigi suna ɗaukar babur a kafaɗa su haye da shi a ba su ɗan abin hasafi, kuma ba na raina taimakonsu, amma ruwan da ya kai musu ƙugu yana gudu ya fi ƙarfin mai goyo da ɗan makaranta nesa ba kusa ba. Wanda kuma ruwa ya riga ya ci motarsa, kada ya ɓata lokaci yana kokawa da ƙofa, domin nauyin ruwan waje yana danne ta. Ya kwance bel, ya sauke gilashi tun wuta ba ta ɗauke ba, ya fara fitar da yara, sannan a hau saman motar.

Jira ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ƙananan ƙoramun yankin nan ruwan da aka yi yanzu suke ɗauke da shi, yadda suke saurin kawowa haka suke saurin janyewa, sau da yawa cikin ƴan sa'o'i. Galma ce take ɗaukar kwanaki idan ta cika ta malala fadama. Amma akwai wanda ba zai iya jira ba, kuma saboda shi ne ba zan yarda a ɗora dukkan nauyin a kan direba ba. Macen da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, ana so a kai ta asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ba za a ce mata ta dakata sai rafi ya sauka ba. Haka wanda maciji ya sara a gona. Ga irin waɗannan, kwalbatin da aka ƙi yashewa da rani shi ne yake yanke hukunci, kuma ba sa shiga lissafin waɗanda ambaliya ta kashe, ko da yake ita ce ta tare musu hanya. A ambaliyar 2022 hukumomi sun ƙidaya mutum fiye da 600 da suka rasu a faɗin ƙasar nan, wannan kuwa adadin waɗanda labarinsu ya kai ofis ne.

Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan koguna kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya maka cewa kwalbatin bayan ƙauye kaza ya toshe. Wannan sanin yana wurin mutanen wurin da direbobin da ke bin hanyar kullum. Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. A watan Agusta, lokacin da ruwa yake nuna duk inda aka yi masa ba daidai ba, masu unguwanni da dagatai da shugabannin tasha su rubuta wuraren da ya hau hanya da iyakar inda ya kai, a miƙa wa hakimi da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, kowa ya riƙe kwafinsa. Abin da ya fi ƙarfin jama'a, kamar sauya ƙaramin bututu da babba ko zuba kankare a mashigi, a matsa a sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa. Abin da bai fi ƙarfinsu ba a yi shi da gayya a watan Afrilu, da shebur da diga da baro, kafin hadari ya fara haɗowa, kawar da cuta daga hanya kuwa sadaka ce da kowa ya san ladanta. A kowane mashigi mai haɗari kuma a kafa turaku biyu na ƙarfe ko kankare a gefen hanya, a shafa musu farin fenti, a ja jan layi a daidai santimita 30. Turakun za su nuna wa direba inda bakin hanya yake idan ruwa ya rufe ta, layin kuma zai raba gardama tsakaninsa da fasinjansa, domin idan ya nutse kowa ya gani da idonsa. Reshen ƙungiyar direbobi na tasha guda zai iya biyan kuɗin wannan aiki daga abin da yake tarawa, ba sai ya jira kwangila daga Kaduna ba.